Yarjejeniyar Tsakiyar Ruwa

Ina jin yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru a falo, kuna zaton kunnena ya mutu. Na hagu ne kawai ya mutu, na dama yana nan bakin aikinsa. Kuna cewa wai Baba ya ɓata a ruwa, wai Baba ya ɗauki ƙafa ya je ba ƙanensa haƙuri. To, tunda Allah ya ara mini kwana kuma biro bai ƙare ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, kada bayan raina a mayar da ni tatsuniyar yara. Karatuna bai wuce aji biyar na firamare a Fagge ba, amma aji biyar na wancan zamanin ne, wanda ake shiga da bulala a fito da ilimi.

Mu biyu muka rayu a ɗakin mahaifiyarmu, ni da baffanku Haruna. Na girme shi da shekara tara. Ni na goya shi, ni na koya masa ɗaure tazuge. Na riga shi zuwa New York, ina tuƙin tasi a Bronx. Shi ya zo daga baya da takardunsa, ya yi karatun haɗa magunguna, ya samu aiki a wani asibiti a Manhattan. Tun zuwansa, kowace Sallah a gidana ake yin ta, hawa na biyar a Grand Concourse, a benen nan da lif ɗinsa ke aiki ran da ya ga dama. Haruna zai hawo da matarsa Bilkisu da yara suna haki, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan uwarku Hajiya ta kawo tuwo da miyar taushe. Ba ni na ƙirƙiro wannan tsari ba. Haka muka tarar, ƙane ke zuwa gaida wa.

Sai Haruna ya sayi gida a St. George, can Staten Island, ƙetaren ruwa. Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah ya kira ni.

"Yaya, bana a yi Sallah a nan mana. Akwai fili, akwai tsakar gida, yara su yi guje-gujensu. Kuma akwai abin da nake so in nuna maka."

Na ce, "Haruna, tun yaushe rijiya ta fara bin guga?"

Ya yi dariya, ya ce, "Haba Yaya, nan fa Amurka ce."

Na ce, "To, Allah ya bar ka da Amurkarka."

Faɗan ke nan gaba ɗayansa. Duk wanda ya ce muku an yi zagi ko an ci gadon wani, ƙari ya yi. Ranar Sallah na sa babbar riga na zauna ina jira har la'asar. Ashe shi ma yana can cikin tasa rigar yana jira. Tuwo ya huce a gida biyu. Daga nan shekara ta bi shekara har bakwai. Ba gaba muke ba a yadda malamai ke fassara gaba, don idan mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure muna miƙa wa juna hannu, irin gaisuwar mutanen da suka taɓa hawa mota ɗaya. Shekarar da guguwar nan ta ci bakin ruwa, aka ce gidaje sun nutse a tsibirinsu, ban kira shi ba. Hajiya na sa ta kira Bilkisu, ni kuma na tsaya gaban firji na buɗe shi ina neman abin da ban ajiye ba, har na ji ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe kuna kan tudu." Sannan na rufe firjin.

Yanzu sai in kawo muku Turawan da suka shigo maganar, don ba a fahimtar sauran sai da su. Yayarku Rukayya sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa ni da Haruna ba ma kiran sunanta, Ummi muke cewa. Ran da ta ce mini za ta yi karatun zama dakta, na yi murna har na raba goro a masallaci. Daga baya na tambaye ta likitan me. Ta ce na tarihi. Na ce to, ba laifi, tarihin ina, Kano ko Makka? Ta ce na manyan gidajen Ingila, shekara ɗari huɗu da suka wuce, yadda sarakuna da hakimansu ke tarbar jakadu. Na ce ikon Allah. Na baro Fagge, na sha sanyi shekara ashirin ina juya sitiyari, don 'yata ta ƙare a ƙirga matakalar Turawan da suka mutu.

Amma kun san ni da son labari. Duk Lahadi da safe ina shan shayi, takan zauna da kwamfutarta ta karanta mini abin da ta rubuta, rabi Turanci, rabi Hausarta mai ɗingishi, ni kuma ina gyara wa Turawan kurakuransu. Ta nuna mini hotunan gidajen da ta je ta gani. Gida ɗaya ya kai unguwa, tagogi sun fi bango yawa. Ta ce ɗakunan a jere suke kamar zaurukan gidan sarauta: babban zaure a ƙasa, sai matakala mai faɗi, sai babban ɗakin taro a sama, sai wani na ciki, sai turaka, sai wata 'yar ƙuryar da mutum biyu kawai ke zama. Darajar baƙo ana gane ta da abu biyu: iyakar inda aka bar shi ya shiga, da iyakar inda maigida ya fito tarbarsa. Wani a zaune za a karɓe shi. Wani a miƙe masa. Wani a fito bakin ɗaki, wani kan matakala, wani a sauko rabi. Kuma jakadan yana tafe yana ƙirgawa a zuci, yana komawa masauki ya rubuta wa sarkinsa: yau an sauko mini taki uku, alhali na ƙasa kaza an sauko masa biyar. Har ma'aikaci gare su a fada wanda ba shi da aiki sai kula da wa zai riga wa shiga, wa za a ba kujera mai hannu, wa za a ba marar jingina, wa zai mayar da hularsa a gaban sarki. Ta ce an taɓa zubar da jini a titin London tsakanin mutanen jakadu biyu, a kan keken dokin wa zai shiga gaba.

Na ajiye kofi na ce, "Ummi, na janye maganata. Waɗannan mutane sun san girma. Me ya lalata jikokinsu?"

Ta ce, "Baba, mutane fa suka mutu a kan layin keken doki."

Na ce, "Sun mutu a bakin aiki."

Hajiya daga kicin ta ce, "Kin ba shi abin da yake nema. Yanzu sai ya ce a littafi ya gani."

Wata Lahadin ta ba ni labarin da ban so ba. Wai a zamanin wata sarauniyarsu, idan bazara ta yi takan fita rangadi da jama'arta, ta sauka gidan wannan hakimi, ta tashi ta sauka na wancan. Sai manya suka shiga gasar gina gidaje don saukarta. Wani ya ƙarar da abin hannunsa ya gina fada guda, ya keɓe mata sashe da gado da labule, ya hana kowa kwana a ciki, har shi kansa ba ya son zama a gidan kafin ta taka shi. Ya jira har ya mutu, ba ta zo ba.

Na ce, "Wannan wawa ne. Ka gina ɗaki don wanda bai ce zai zo ba?"

Ummi ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta koma kan kwamfutarta. A lokacin na ɗauka ta rasa amsa ne.

Shekarar da ta kammala karatun, wato shekarar da motocin da ake kira ta waya suka fara cinye mana fasinja, ta kawo Nasiru, mutumin Katsina, injiniya, yaro mai kunya da cin tuwo da hannu. Ba ni da ta cewa a kansa. Aka sa rana. Baffansa ya taso takanas daga Katsina don neman auren da ɗaurawa, kuma mako uku kawai zai yi ya koma. Ku da kuka tashi a nan sai na yi muku bayani: a wurinmu uba ba ya zama ya ba da 'yarsa da bakinsa, ɗan'uwansa ke karɓar baƙi, shi ke zama waliyyi. Uba yana can gefe yana sunkuyar da kai kamar ba 'yarsa ba. Idan mutum yana da ƙane a gari ɗaya kuma aka ga bare a kan tabarmar waliyyi, to an gaya wa surukai komai ba tare da an buɗe baki ba.

Hajiya ta ce, "Alhaji, wa zai karɓi mutanen nan?"

Na ce, "Liman yana nan. Maƙwabta suna nan. Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne."

Ummi ta ce, "Baba, in ba Baffa ne waliyyina ba, ba za a ɗaura ba. Baffan Nasiru ya koma, a jira wata shekarar. In ba a shirya ba, a jira ta gaba."

Ba ta ɗaga murya ba. Haka mai sunanta take yi, ta faɗi magana a hankali ta ci gaba da tsince shinkafa, kai kuma ka kwana uku kana juyi.

To, sai aka buɗe zaman sulhu, Ummi ce jakadiya. Ta hau jirgin ƙasa na D ta gangara, ta hau na ruwa ta ƙetara, ta dawo mini da amsa. Ni matsayina a fili yake: ya hawo benena ya gaishe ni, magana ta ƙare. Shi kuma nasa: sau ɗaya a rayuwarsa ya gayyace ni na ƙi, in taka gidansa ko da bakin ƙofa ne, daga nan zai hau benena kullum har gwiwarsa ta ƙare. Kun ga nono ɗaya muka sha. Aka ce a haɗu a masallacinmu, ya ce ƙasata ce. Aka ce a masallacinsu, na ce ashe dai rijiyar za ta tashi. Kwana goma suka tafi a haka, baffan ango yana zaune gidan ɗansa yana kallon talabijin ɗin da ba ya jin yarenta, yana tambaya yaushe za a je gaida surukai.

Sai na tuna wata dabara daga karatun Lahadi. Ummi ta taɓa gaya mini cewa idan babban mutum ba ya son a ƙirga masa taki, sai ya kwanta ya ce ba shi da lafiya, ya karɓi baƙo a gado. Majinyaci ba ya fita tarba, kuma mai zuwa dubiya bai zubar da girmansa ba. Na ce shi ke nan, a gaya wa Haruna hawan jini ya kayar da ni.

Hajiya ta ce, "Ka kwanta ciwon ƙarya, Allah ya ba ka na gaske, wa zai yi jinya? Ni?"

Ummi ta ce, "Kuma Baffa da abin awonsa zai zo. Minti biyu ya gano ka."

Aka soke wannan. Na ce to, sarakunan kansu fa, idan biyu za su haɗu, yaya suke yi? Ta ce an taɓa yi, sarkin Ingila da na Faransa suka haɗu a wani kwari, aka gyara ƙasar wurin don kada wani ya fi wani tudu, kowa ya taso daga nasa ɓangaren a lokaci guda. Nan take Allah ya buɗe mini basira. Na sha jin fasinjoji suna cewa in kana son ganin mutum-mutumin koriyar matar nan mai ɗaga fitila ba tare da ka biya ba, ka hau jirgin Staten Island. Ni kuwa ban taɓa hawansa ba, kun san dalili. A lissafina, tunda tana tsakiyar ruwa kuma jirgi na bi ta wurinta, ai tasha ce. Na sa Ummi ta ɗauko takarda na shifta mata sharuɗɗa. Ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, ni in hau daga Manhattan, shi ya hau daga St. George. A haɗu a tsibirin matar, ba ƙasar kowa ba. Shi zai fara gaisuwa. Ba a tada maganar da ta wuce.

Ta ce, "Baba, ka taɓa hawa jirgin nan?"

Na ce, "Shekara ashirin da biyar ina tuƙi a garin nan. Ke za ki koya mini hanya?"

Ta ce, "A'a, Baba." Ta rubuta. Washegari ta dawo ta ce Baffa ya amince da komai, bai canja ko wasali ba. Na ce wa Hajiya, kin ga amfanin tsayawa a kan gaskiya. Saurin amincewar nan ya kamata ya sa ni tunani, tunda mutumin nan jirgin yake hawa safe da yamma zuwa aiki. Amma mai nasara ba ya bincike.

Ranar Asabar na sa farar shadda da hula zanna, na fesa turare. Ni da Ummi muka shiga jirgin, ƙato mai launin ruwan goro, cike da 'yan yawon buɗe ido. Na samu benci na zauna ina maimaita yadda zan amsa gaisuwa: ba da sauri ba, ba da sanyi ƙwarai ba. Da na hango matar ta matso, na miƙe, na gyara riga, na je bakin ƙarfe na tsaya don in riga kowa sauka. Jirgi bai rage gudu ba. Matar ta zo daidai da mu, can nesa, ta wuce, tana ɗage da fitilarta kamar mai tsayar da tasi an ƙi tsayawa.

Na ce, "Ummi, direban nan ya wuce tasha."

Ta ce, "Ba ya tsayawa a nan, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka yi shi."

Kafin in sami abin cewa sai ga wani jirgin irin namu yana tahowa daga gaba, zai wuce mu ta gefe. A bakin ƙarfensa, cikin Turawa masu gajerun wanduna, na hango mutum ɗaya cikin babbar riga, iska tana kaɗa ta. Wayata ta yi ƙara. Na ɗauka.

"Ina kwana, Yaya. An tashi lafiya?"

Na ga babbar rigar ta yi ƙasa. Durƙusawa ya yi, a kan jirgi, a tsakiyar teku.

Na ce, "Lafiya lau."

Ya ce, "To, na cika sharaɗi. Ƙarfe goma, tsakiyar ruwa, ni na fara."

Jiragen suka wuce juna. Shi ya nufi ɓangarena, ni na nufi nasa.

Da muka isa St. George na ce ba zan sauka ba, a mayar da ni inda aka ɗauko ni. Wani ma'aikaci baƙar fata mai ƙaton ciki ya ce kowa sai ya sauka, doka ce, ko shugaban ƙasa ne. Na sauka a bisa tilas, ina so a rubuta wannan. Muna fitowa sai ga Bilkisu tsaye da makullin mota a hannu. Ta rusuna har ƙasa.

"Yaya, sannu da zuwa. Sannu da hanya."

Har yau ba wanda ya gaya mini yadda aka yi ta san za ta same ni a wurin. Na ce jirgi na gaba zan bi in koma. Ummi ta ce in na bi shi, Baffa ma ya biyo nasa na dawowa, za mu sake wuce juna, haka za mu yi ta yi har magariba. Na auna maganar na ga akwai ƙamshin gaskiya. Ga gwiwa ta fara magana. Na ce to, zan je in jira, amma a sani ni baƙon Bilkisu ne, ba na mijinta ba.

Gidan yana kan tudu, ana hango ruwa. Daga titi zuwa ƙofar gaba matakala goma sha ɗaya ce, na ƙirga, don karatun Lahadi ya riga ya lalata ni. Amma Bilkisu ba ta bi da ni ta nan ba. Ta zaga da motar ta gefe, inda wata ƙofa take daidai da ƙasa, ba taki ko ɗaya. Ta buɗe wani ɗaki. Gado ne a gyare, da kujera mai hannu tana kallon taga, da darduma, da buta, da rediyo irin mai kama tashoshin gida. A banɗaki an kafa ƙarfen dafawa a bango. A bakin gado ga silifa sabbi, har yanzu a ɗaure da zarensu na kanti. Na duba lambar, arba'in da shida. Duk zuriyarmu ni kaɗai ke da wannan ƙafar.

Bilkisu ta ce, "Gida huɗu muka gani, wannan ya zaɓa saboda ɗakin nan. Ya ce benenka zai ƙarasa maka gwiwa, ran da ka ajiye tuƙi kai da Hajiya ku dawo nan. Shi ne abin da ya so ya nuna maka a waccan Sallar."

Na ce, "Wa ke kwana a ciki?"

"Ba wanda ya taɓa. Ko da mahaifiyata ta zo, sama aka kai ta. Duk Juma'a nake sharewa."

Na waiwaya wajen Ummi. Tana tsaye a bakin ƙofa tana duban silin, kamar an ce mata akwai tarihi a rubuce a wurin. Ba ta tuna mini abin da na kira mutumin nan mai ginin fada ba. Da ta tuna mini da na ji sauƙi, don da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Na zauna a kujerar. Daidai ni. Ta taga ina ganin jirgin ruwan goro yana dawowa, ƙarami kamar ƙwaryar da aka saka a kogi. Sai lissafi ya juye mini. Yanzu ni ne a ciki, shi ne mai shigowa. In na zauna a kujera mai hannu ya zo ya same ni, na ci riba biyu: ya zo inda nake, kuma a zaune na karɓe shi. Ko jakadun Ummi sai sun sara mini. Na daɗe ina kallon silifan nan.

Na ce, "Ummi, a littafinki, ina ne iyakar inda maigida ke fita?"

Ta ce, "Har bakin keken doki, Baba. A tsakar gida."

"Wa ake yi wa haka?"

"Wanda ya fi ka."

Na ce, "Ɗakin nan da zafi. Bari in sha iska."

Na tsinke zaren silifan na zura. Ban bi ta ƙofar gefe ba. Na ratsa falo na buɗe ta gaba, na kama ƙarfe, na sauka ɗaya bayan ɗaya, gwiwa tana zagina a kowace. Goma sha ɗaya. Na tsaya a bakin titi. Can sai ga shi yana hawo tudun a ƙafa, rigar a saɓe a kafaɗa, yana haki. Da ya gan ni ya tsaya cik. Sannan ya ƙaraso ya fara neman durƙusawa a kan siminti, na kama hannunsa na hana shi.

Na ce, "Ka yi furfura."

Ya ce, "Shekara bakwai ce, Yaya."

Ya dubi ƙafata. Ni ma na duba.

Na ce, "Sun ɗan matse ni."

Ya ce, "Da ka zo da wuri da sun saki."

Ba a ƙara ko kalma a kan abin da ya wuce ba, kamar yadda sharaɗi ya ce. Bilkisu ta kawo dambun nama da fura, muka ci a ɗakin, shi a kan darduma, ni a kujera.

Jibin ranar ya karɓi baffan Nasiru a falona. Lif ya mutu, kamar an roƙe shi, suka hau hawa biyar su biyu, tsoho da tsoho, suna tsayawa a kowane hawa suna gaisawa da numfashi. Ranar Juma'a aka ɗaura, Haruna a kan tabarmar waliyyi, ni a can baya ina duban ƙasa yadda ya dace. Baffan ango ya koma Katsina yana ba da labarin wa da ƙanen da ba a jin kansu.

Daga nan muka raba: ƙaramar Sallah a wurina, babba a wurinsa. Babbar Sallah huɗu na yi a ɗakin nan, kwana uku-uku, kafin Allah ya karɓi abinsa. Ƙanen ya riga wan, wannan ma ba tsarin da muka tarar ba ne, amma ba a kai ƙara. Ni ban yi nisa a lissafi ba, sai dai na san bakwai ta fi huɗu, kuma na san wanda ya zubar da bakwai ɗin. Na ajiye tuƙi, amma ban koma ɗakin da zama ba. Bilkisu ta ce har yanzu tana sharewa ran Juma'a.

Na taɓa tambayar Ummi ko sarauniyar nan ta san an gina mata sashe ana jiranta. Ta ce ta sani mana, ai an sha gaya mata. Na ce to, ni ban sani ba. Ta ce, "Ya ce maka akwai abin da zai nuna maka, Baba." Ban sake tada zancen ba. Wanda ya biya wa 'yarsa karatu ya shirya jin amsa.

Saboda haka ku gyara labarinku. Ban ɓata a ruwa ba, direban jirgi ne bai tsaya ba. Ban je gidan Haruna ba, jirgi ne ya kai ni, doka ta sauke ni, mota ta ƙarasa da ni. Duk wannan ba a sa shi a lissafina. Abin da za ku sa shi ne matakala goma sha ɗayan nan. Su kam ba wanda ya ɗauke ni, da ƙafata na sauka.